Zaren Hannun Baba

Soron Ɗinki, Kano
31 ga Mayu, 1999

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Legas, ya iyali, ya kasuwar nama?

Ba daɗi ne ya sa na rubuto ba. Shekaranjiya, ranar da sojoji suka miƙa mulki, 'yan siyasa suka biyo lungunmu da masu kalangu. Baba, wanda ya kwana uku bai gane ni ba, yana jin kiɗan ya miƙe zumbur. Ya tsinko igiyar shanya ya naɗe hannun dama tsaf, kamar yadda yake yi lokacin yana dambe. Inna ta taho da kwanon koko tana cewa, "Alhaji, zauna mana." Naushi ɗaya ya yi mata. Haƙora biyu a ƙasa, muƙamuƙi ya goce, jini har bango. Ya ɗaga hannu ya ce, "Na kashe!" Can kuma ya durƙusa yana kuka, yana tambayar wa ya taɓa masa mata.

Ka tuna Malama 'Yardada, nas ɗin masu binciken gigin tsufa? Shekara takwas ke nan tana zuwa duk shekara, ta auna jinin Baba, ta yi masa tambayoyi. A ciki akwai ko ya taɓa shan duka a ka. Sau takwas ina cewa a'a, don kai ka ce a rufa masa asiri. Jibi za ta dawo, kuma na gaji da ƙarya.

Na ji ɗanka Musa ya fara shiga fili a Agege. Yaya, tsoro nake ji masa.

Ƙanwarka,
Hasana

Agege, Legas
9 ga Yuni, 1999

Hasana,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya.

Ki iya bakinki. Mutum ya tuba, ya je Makka, ya zama Alhaji Tanko mai jan sallah a masallacin unguwa, ke kuma za ki kwance shi gaban masu biro? Wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne. A sa masa sarƙa a ƙafa, a kira mai ruƙiyya. Tsufa ne da sharrin mutane, ba dambe ba. Ni ma shekara goma sha biyu na yi ina shan naushi, ga ni garau.

Musa kuwa jinin gidanmu ne. Makon jiya ya fasa wa wani hanci, sai da aka ɗauke mutumin ranga-ranga. Ranar Lahadin ƙarshen wata yana da babban wasa. Ki yi masa addu'a ko ki yi shiru.

Yayanki,
Gwadabe

Soron Ɗinki, Kano
20 ga Yuni, 1999

Yaya,

Salama da gaisuwa. Wasiƙarka ta makara, na riga na faɗa wa Malama.

Ban ma buɗe baki sosai ba, Baba ya faɗa da kansa. Tana ɗaura masa abin awon jini a dantse ya zaci fili aka kira shi. Ya shaƙe ta ya haɗa da garu, sai da maƙwabta biyu suka ɓanɓare shi, ɗaya ya tafi da karyayyen yatsa. Ta zauna tana tari, wuya duk shatin farce, amma ba ta tafi ba. Ta ce, "Hasana, shekara nawa ya yi yana dambe?" Na ce ashirin da ɗaya. Ta goge a'a ɗina guda takwas, ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kusa kashe ni.

Ta ce ba su gama bincike ba, ba za ta rantse ba. Amma gida huɗu a Gwale da Gwammaja suka yi mata irin ƙaryar nan tamu, kuma duka huɗun tsofaffinsu sun riga sa'anninsu ruɗewa. Mu muna rufa wa tsoho asiri, ashe 'ya'yanmu muke rufe wa ido.

Sarƙa kuwa, wallahi ba a ƙafar ubana ba. In kana so ka zo ka sa da hannunka.

Tunda kai garau ne, ga gwajinsu. A faɗa wa mutum abu uku: tulu, akuya, lemo. A yi hira kaɗan, sannan a ce ya maimaita. Shekara takwas da suka wuce Baba yana kawo ukun yana dariya. Bana ya tambaye ni mene ne tulu. Ka gwada Musa bayan wasa.

Ka huta lafiya,
Hasana

Agege, Legas
2 ga Yuli, 1999

Hasana,

Salama. An kayar da Musa ranar Lahadi, jini ta kunne. Da ya warware na sa matata ta yi mana gwajin tare, don in ƙaryata ki. Musa ya kawo uku. Ni na kawo akuya kaɗai.

Na sa wuƙar fawa na yanyanka zaren dambensa a gabansa. Ya daina yi mini magana, na yarda.

Ki tambayi Malama ko suna rubuta ɗan shekara hamsin da biyu a binciken nasu. Ki ce mata amsata kan shan duka a ka, e ce. In na zo gida, ki ɓoye igiyar shanya.

Yayanki,
Gwadabe