Ɗigo Uku a Jikin Datsun ɗin Baba

Aduwan, Kafanchan
14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Luke,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Mildred da yara, kuma sanyin Kanada bai fara matsa muku ba tukuna. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a wurin aiki, ya kiyaye ku a hanya da cikin gida. Mu a nan muna lafiya. Ruwa ya fara ja da baya, ko da yake na shekaranjiya ya kwashe mana kwano biyu a kan kicin. Mama tana nan da ƙafarta, tana cin pate yadda ta saba, ido ne dai ya ƙara rauni, yanzu sai ta ji muryar mutum kafin ta kira sunansa. Mijina Patrick ya je Kagoma ya dubo gonar citta, ya ce bana da sauƙi, ba kamar shekarar da ciwo ya cinye ta ba. Mun gode wa Allah.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa da rubutun hannuna alhali muna da waya. Da gangan na yi. A waya kana da daɗin baki tun kana yaro, kafin in kai ƙarshen magana ka sa ni dariya, in manta abin da ya kawo ni. Takarda kuwa ba a katse ta. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, maganar motar Baba ce.

Kai ka kawo shawarar a tayar da ita, tun da a Disamba Baba zai cika shekara goma da rasuwa, a ɗauki Mama a cikinta zuwa sujadar godiya. Na yi murna har da hawaye, kuma har yau ban ce shawarar ba ta da kyau ba. Ka san abin da motar nan take a gidanmu. Datsun 240Z, ruwan goro, da Baba ya saya a hannun wani Bature ɗan kwangila da zai bar Jos, tun kafin a haife ka. Mama ta yi wata guda tana mita, wai mai 'ya'ya huɗu da na biyar a hanya ya rasa abin saye sai mota mai kujera biyu, sauran sai su bi ta a guje. Amma ita ce kullum a kujerar gefe ranar Lahadi, ɗankwalinta na taɓa rufi. Tun da aka kai motar gyara take tambayata yaushe za ta ji kukan injin ɗin, wai ko ba ta gani za ta gane shi a cikin motoci ɗari. Kai kuma ka zaɓi Dogara, abokinka na makaranta mai gareji a hanyar Kagoro, ka ce ya san tsofaffin motocin Japan kamar yunwar cikinsa. Ban musa ba, na miƙa masa makulli a watan Yuni.

Akwai abin da kai ba ka sani ba sosai, don kai auta ne, ka taso motar ta fara zama a rumfa. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin jirgin ƙasa a Loko, wato garejin jiragen ƙasa, kuma can suna da ƙa'ida. Duk ƙarfen da mutum ya kwance, sai ya ɗora masa tsinin ƙusa ya buga da guduma, ya bar alama, don ya koma inda ya fito, don kuma a san hannun da ya taɓa shi in wani abu ya faru a hanya. Kowa da alamarsa. Ta Baba ɗigo uku ce. Ya zo da wannan hali gida, babu abin da ya tsira: keken ɗinkin Mama, tukunyar biki, har fitilar ƙwai. Motar kuwa ya kwance ta ya ɗaura ya fi a ƙirga, kowace Asabar, ni ce mai riƙe masa farantin noti, ina karanta masa babban littafin gyaran da ya zo da ita, don ya ce Turancina ya fi nasa sauri. Littafin yana wurina. Na koyar da adabi shekara ashirin da shida, amma ban karanta wani littafi sau da yawa kamar wannan ba.

A tsakiyar Satumba na biya garejin ba tare da sanarwa ba. Dogara ya tarbe ni da fara'a har ta yi yawa, ya sa aka kawo mini kujera da lemo, yana ta Mama Firinsifal, Mama Firinsifal, wai kada in matsa kusa, baƙin mai zai ɓata mini zane. Na ce masa zanen ya ga abin da ya fi baƙin mai. Gaskiya fenti ya yi kyau, ba zan rage masa wannan ba. Amma da na sa aka ɗaga bonet, sai na ga kabureta biyun nan suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Namu masu kai zagaye ne kamar murfin kwanon sha, waɗannan kuwa kansu a shafe yake. Na shafa gindinsu da yatsa, inda na san alamar take, ban ji komai ba. Sitiyarin da na tarar baƙin roba ne, ba mai ruwan katakon nan da tafin hannun Baba ya goge gefensa na dama ba. Tambarin kan hanci kuwa sabo ne ful, mara nauyi, da na ƙwanƙwasa shi da farce sai ya amsa kamar murfin robar ruwa. Na tambaye shi ina tsofaffin. Ya ce duk sun ruɓe, 'yan gwangwan sun kwashe. Ban ce masa uffan game da ɗigo ba. Na sha lemona, na yi godiya, na hau mashin na dawo gida.

Da yammar ranar na kira ka. Ka tuna? Na ce maka hankalina bai kwanta ba, ban ga ɗigo ukun Baba a jikin kabureta ba. Ka yi dariya, ka ce Yaya Damaris kin fara aikin ɗan sanda, wataƙila wankin da aka yi musu ne ya rufe alamar, in ƙara dubawa da tabarau. Luke, ban gaya wa kowa wannan magana ba. Ban gaya wa Patrick ba, don ya tafi gona. Ban gaya wa Mama ba, don kada in tayar mata da hawan jini. Kai kaɗai na gaya wa.

Bayan mako guda na koma, da tabarau kamar yadda ka ce. Wannan karon Dogara da kansa ya ɗaga bonet, ya kama hannuna ya kai gindin kabureta, wai in duba da kyau, ai ga alamar Baba nan, rannan duhun rumfa ne ya hana ni gani. Na duba. Ɗigo uku kuwa, ga su nan a jere kamar sojoji a fareti, cikinsu fari tas, har da ɓurɓushin ƙarfe a bakinsu. Ɗigon Baba ba a jere suke ba. A zaune suke kamar duwatsun murhu, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kuma shekara arba'in ta mayar da cikinsu baƙi ƙirin. A waya na ce maka uku ne, ban gaya maka yadda suke zaune ba, don ban zaci akwai bukata ba. To ka gaya mini, ta wace hanya maganar da na yi a ɗakina, ƙofa a rufe, ta je Kanada ta dawo hanyar Kagoro da guduma a hannu? Ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan na wuce kasuwa wurin Alhaji Umar Faruk mai kayan mota, wanda Baba ya yi shekaru yana sayen fulogi a shagonsa. Ya tsufa, amma kansa garau. Da na kwatanta masa abin da na gani, sai ya girgiza kai ya ce irin motar nan yanzu a ƙasashen waje nemanta ake yi ido rufe, kuma ba fenti suke bi ba, kayan asali suke so, waɗanda ta fito da su daga Japan. Ya ce kabureta da sitiyari ƙananan abubuwa ne, in je in duba injin. Akwai ɗan faranti a manne cikin bonet mai ɗauke da lamba, akwai kuma lamba a jikin injin kansa, in sun zo ɗaya to ita ce motar, in sun saɓa to gangar jiki kawai aka bar mana. A nan na tuna bara, wata takwas kafin ka kawo maganar godiya, ka sa na shiga rumfa na share ƙura na ɗauko maka hoton wannan farantin, wai kana so ka nuna wa Kevin motar kakansa. Yaro ɗan shekara tara, me zai yi da hoton lamba?

Ranar Litinin da ta wuce na koma da Patrick da takardun motar. Na durƙusa da tocila da tsumma na goge jikin injin. Lambar ba tamu ba ce. Dogara ya fara rantsuwa, wai tsohon injin ya buga tun a Yuli, ya samo mana tokumbo mai lafiya, ya ɓoye ne don kada raina ya ɓaci. Na ce ya nuna mini gawar, ai ko mutum ne ya mutu ana nuna wa dangi. Yana cikin kame-kame Patrick ya zaga bayan rumfa, sai ga akwatin katako a ƙarƙashin tampol, an buga masa ƙusa, an rubuta sunan wani mai fitar da kaya ƙasashen waje ta tashar jirgin ruwa ta Apapa. Muka sa aka ɓalle shi. Injin Baba ne, an wanke shi, an shafe shi da mai, an naɗe shi a leda kamar jariri, ga kabureta biyu a gefe cikin tsofaffin jaridu, ga sitiyari, ga tambari. Kowanne da duwatsun murhunsa. Injin da ya buga ba a yi masa irin wannan gata.

Abin da na faɗa wa Dogara a gaban masu walda da masu fenti ba zan rubuta shi ba, shugabar zumuntar mata ce ni. Da na ambaci 'yan sanda sai ya ce shi ɗan aike ne, kafin in kai shi ko'ina in tambayi ƙanena. Ya ce an gaya masa tsohuwa ba ta gani, Yaya kuma malamar adabi ce, in mota ta tashi ta kai coci ta dawo shi ke nan, kowa ya huta. Na ce ya nuna mini saƙon a wayarsa, ya ce ya goge. Mai yiwuwa ƙarya yake yi, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na kwana uku ina neman hanyar da zan wanke ka, Allah ya sani. Amma duk inda na bi sai in dawo kan ɗigon nan uku da ke a jere.

Na ɗauko janwe, motar jan mota, na dawo da ita rumfarta. Akwatin kuwa ƙarti shida suka shigar mini da shi falo, na rufe shi da zanen tebur, matan zumunta har kofunan shayi suka ɗora a kai ranar Laraba. Alhaji ya haɗa ni da wani tsohon bakanike a Manchok wanda ya yarda ya zo gida ya mayar da kowane ƙarfe wurinsa a gaban idona, ina zaune da littafi a cinya. In ya gama kafin Disamba, to madalla. In bai gama ba, Mama za ta je godiya a keke mai ƙafa uku, ba za ta je a motar da aka cire wa zuciya ana yi mata dariya a bayan ido ba.

Saura kai. In wani hali ka shiga a can, da ka buɗe baki ka gaya mini, ni na goya ka, babu kunyar da za ka ji a gabana da ban riga na gani ba. Motar ta mu biyar ce da Mama, da an zauna an yi magana. In Dogara ƙage ya yi maka, rubuto mini haka a fili, ka kuma bayyana mini yadda ya san zancen ɗigo, ni kuma in nemi gafararka a gaban duk wanda ka zaɓa. In kuwa gaskiya ya faɗa, kada ka kira ni. Mama ta ji shigowar janwe, ta tambaye ni me ya dawo da motar ba a kan ƙafarta ba, na ce mata Luke ne ya san amsar, zai gaya mata ranar Lahadi in ya kira bayan sujada. Tana jira.

Ka gaishe mini da Mildred, ka ce na gode da maganin ƙafa, yana aiki. Ka gaishe da Kevin da Emilia, su dage da karatu. Patrick yana gaishe ka, haka ma Hellen daga makaranta, da Anti Asibi da ta zo mana kwana biyu daga Kasuwan Magani. Allah ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya, ni kuma ya ba ni haƙurin jin ta.

Yayarka, wadda har yanzu take sa sunanka a addu'a,
Damaris