Hatimi Mai Ruwan Zinariya

Dogarawa, 9 ga Maris, 1991

Zuwa ga aminina Illo,

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fatan kana lahiya, kai da Kande da yara. Ya zaman Abijan? Ya gwiwar nan da kake yi mini ƙarya kana cewa ta warke? Mu nan sai godiya. Gero ya yi, wake ne dai munka raba da tsutsa.

Wasiƙunka biyu sun iso kana tambaya ko ɗanka Mutari ya fara aiki. Ta farko na amsa da labarin rumbu, ta biyu da labarin akuyar matata Tsahara. Ka san ni, in ina zagaye, akwai abin da nake tsoro.

Ka tuna shekara huɗu da sunka wuce, da ka bar mini shi amana. Ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, takardun kira biyu sunka zo mashi. Ɗaya daga jami'ar Yamai, 'yar takarda sakayau, tawadar ma duk ta koɗe. Ɗayar daga wata makaranta can kudancin Najeriya, mai kauri kamar fatar ganga, da hoton ƙwallon duniya, da sunayen Landan da Alƙahira, a ƙasa ga hatimi mai ruwan zinariya. Ni kuwa shekara talatin ina akawu a buron sarki, wato ofishinsa, ina buga hatimi. A sanina, takarda in ta sha hatimi magana ta ƙare. Na ɗaga ta ga rana, na shafa, har na sansana. Na ce wa Mutari wannan karatun duniya ne, na Yamai kuwa iyakarsa bakin kogi. Yaron ya so ya tambayi malamansa na lakwal, makarantar bokon da ya gama, na ce mi sunka sani.

Bara ya dawo da digiri. Na yanka rago, na sa takardar a gilashi na rataya a zaurena. Gari duka Injiniya ake ce mashi.

To, Illo, na aika digirin ga masu duba takardun waje a Yamai don ya samu aiki, ga shi sun amso mini. Sun ce makarantar ba ta cikin waɗanda hukuma ta tantance, ko a can ƙasarta. Ashe ba a tambayar kyan hatimi, ana tambayar wa ya ba mai hatimin izini. Wata biyu amsar tana ƙarƙashin buzuna. Kullum Mutari ya zo gaisuwa sai in ce dosiyen takardunsa tana tahiya. A kanta nake sallah, kuma ban san ko ana karɓa ba.

Ka faɗa mini abin da duk ka ga dama. Ka gai da Kande, in tana amsawa.

Naka,
Tanimun

Dogarawa, 20 ga Afrilu, 1991

Aminina Illo,

Ina gaishe ka da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Amsarka ta zo, layi uku. Da zagina ka yi da na fi samun barci. Ka ce in faɗa wa yaron da bakina, kada in aika kowa. Na yi.

Na zaunar da shi, na fara da tarihin kakansa, na bi ta yunwar shekarun baya, ina neman hanya. Ya bari na gama, sannan ya ce ya sani tun kafin azumi. Ya je Yamai da kansa ya gani. Na tambaye shi don mi bai yi magana ba. Ya ce, “Baba, na ga kuna ramewa ne, na ce bari in jira ku shirya.” Illo, ni da aka ba amana, ni ake lallaɓawa.

Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. Alhasan mai shayi da Salisu na garin Tajaye sun cika takardun 'ya'yansu zuwa makarantar nan, don sun ce in Tanimun ya duba hatimi, ya dubu.

Ran Juma'a, da anka sallame, na miƙe cikin masallaci. Na ɗaga takardar gilashin, na ce jama'a, wannan ba digiri ba ce, kwalliya ce, kuma ni na zaɓe ta, ba yaron ba. Duk mai aika ɗansa karatu waje ya fara tambaya a Yamai ko an san makarantar. Labo maƙeri ne ya ce to ragon da sunka ci fa, su maido? Anka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ɗaga kai ba. Alhasan ya yage takardunsa nan take. Salisu har yau bai gaishe ni ba.

Jami'ar Yamai ta yarda ta sake ɗaukar Mutari, daga shekarar farko, tare da ƙannen bayansa. Takardar kiran ta zo, sakayau kamar waccan. Da hannu biyu na karɓe ta.

Inda gilashin ya zauna a zaure ya bar tabo a bango. Tsahara ta kwaɓa ƙasa za ta shafe, na hana. Nan nake zama ina kallonsa, kuma haka zai tsaya har ran da Mutari ya kawo ta gaske.

In ka zo da damina, ka sauka gidana kamar kullum. In ba ka iya ba, ba ni da ta cewa.

Naka, in har yanzu kana so,
Tanimun