Jan Biron Yaya Rahmatu

Ƙofar Marusa, Katsina
12 ga Yuni, 1999

Aminiyata Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Ya Zariya, ya damina? Ya ƙafar Baba da kika ce tana damunsa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Sumayya tana gaishe ki, jarrabawar gama firamare ta sha mata kai.

Hajo, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Zuwaira ta kwashe littattafanmu, duka, har da adakar da suke ciki.

Kin dai ji mijinta Alhaji Dabo ya ci zaɓen ɗan majalisar jiha. Sojoji suna komawa bariki, su ma suka tattara daga lungunmu suka koma GRA. To ranar Talata ina wurin aiki a Batagarawa ta zo da mota da direba, ta tarar da maigidana Malam Alamin yana fama da bokiti saboda soron ɗakina ya fara yoyo. Wai ruwa zai lalata littattafan, gara ta adana mana su a gidanta. Shi kuwa mijin nawa, da ban da jarida bai taɓa buɗe komai ba, har da taya direba ɗauka. Da na dawo na yi magana, cewa ya yi taimako aka yi min, in je in yi godiya.

Godiyar me? Ke shaida ce, mu huɗu muka tara su tun muna kwalejin horon malamai: ni, ke, Zuwaira da marigayiya Yaya Rahmatu. Duk littafin fassara da ya shigo garin nan, daga Larabci aka juyo shi ko daga Turanci, sai mun bi shi mun samo. Kowa ta karanta ta yi rubutunta a gefen shafi, sannan ta miƙa wa ta gaba. Ke shuɗin biro, Zuwaira baƙi, ni fensir, Yaya kuwa jan biron da take duba aikin ɗalibai da shi. Ita ke fara karantawa, ita ke rubuta a shafin farko wa littafin zai yi wa daɗi. Kin tuna na likitar nan ta ƙasar ƙanƙara? Ta rubuta: “Ramla za ta yi kuka. Hajo, kar ki fara ta ƙarshe kamar yadda kika saba. Zuwaira, kar ki wahalar da kanki, ba soyayya a ciki.” Sai inda mai fassara ya ce likitar ta zauna ta ci tuwo, Yaya ta ja layi ta ce: “Mi ya kai tuwo ƙasar ƙanƙara? Malam, ka ji tsoron Allah.”

Abin da ya hana ni barci shi ne Sumayya. Tana rarrafe uwarta Yaya Rahmatu ta rasu ta bar min ita, ko muryarta ba ta sani ba, hotonta ɗaya ne a gidan nan, shi ma ya dushe. Na yi mata alkawari ranar da sakamakonta ya fito zan damƙa mata adakar nan, ta karanta, ta ji yadda uwarta take magana da yadda take tsokana. Kullum sai ta tuna min. Yanzu in ce mata me?

Kin tambaye ni abin da za ki karanta. Nemi na 'yan'uwan nan biyu masu gidan burodi a Masar, fassarar ta yi kyau, sai dai ki daure wa babi na farko, yana da jan ƙafa. Na ɗan sandan cikin nan mai tsoron kare kuwa kar ki saya, tun a tsakiya na gane ɓarawon.

Jibi zan je GRA. Ki gaida min kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ramla


Ƙofar Marusa, Katsina
4 ga Yuli, 1999

Aminiyata Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta yara. Takardarki ta iso, na ji daɗi da ƙafar Baba ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Kin ce in yi haƙuri, Zuwaira tamu ce, ba za ta cuce mu ba. Hajo, kina Zariya ne shi ya sa.

Na je. Maigadi ya tsayar da ni a bakin get yana tambaya ko Hajiya ta san da zuwana. Ni Ramla, da na yi wa Zuwaira kitso ranar ɗaurin aurenta! Da aka shigar da ni na tarar da falo cike da matan manya, kowacce da jaka a cinya. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta tashi ta rungume ni, ta sa aka kawo min lemo mai sanyi. Amma sai ta gabatar da ni a matsayin malamarsu ta littattafai, wai za su kafa ƙungiyar karatu ta matan 'yan majalisa, ni zan riƙa zaɓa musu. Wata har ta ce in samo mata wanda bai da kauri, wanda za ta gama kafin lalle ya kama. Na ce to.

A bangon falon an kafa wani ƙaton kabad mai gilashi, fayau, ba komai a ciki. Na ja Zuwaira gefe na tambaye ta adakarmu. Ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina, abin mamaki take shirya mana. Da na matsa sai ta faɗa: ta aika su Kano wurin mai ɗinkin littattafai, a yi musu sabon bango iri ɗaya, kore, da rubutun ruwan zinari. Wai Alhaji yana karɓar baƙi, bai kamata a ga littattafai da bangon kwalin sabulu da takardar siminti ba.

Takardar simintin nan Yaya ce ta naɗa ta da hannunta. Na gaya mata haka. Ta ce ai don Yaya ta yi, so take su daɗe har jikokinmu su gani. Har idonta ya kawo ruwa, kuma na san da gaske take. Abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan, mutum ya ɗauki abinka bai tambaye ka ba, sannan ya tsaya yana jiran ka sa masa albarka.

Na ce ta kira Kano ta ce a dakata, tunda yanzu akwai tarho a gidanta. Ta ce layin ya lalace tun ruwan shekaranjiya. Na ce ta ba ni kwatancen shagon in je da kaina, ta ce direba ne ya sani, shi kuma ya tafi Abuja da Alhaji. Haka na fito, ko lemon ban sha ba.

Bango dai bango ne, na haƙura da shi. In dai cikin yana nan, zan haɗiye sauran. Sumayya na ce mata an kai su gyara, ta yi murna, ita a ganinta gata aka yi mata.

Kin ce kin fara na masu gidan burodi kuma kin leƙa ƙarshe. Allah ya shirye ki. Ki gaida maigidan.

Taki,
Ramla


Ƙofar Marusa, Katsina
22 ga Agusta, 1999

Aminiyata Hajo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya yara, ya hidima? Ki yafe min jinkirin amsa. Na sha ɗaukar biro in ajiye.

Littattafai sun dawo. Zuwaira da kanta ta kawo min su a mota, ta ce in fara gani kafin a jera a kabad. Kore shar, suna ƙamshin gam, kansu ɗaya kamar 'yan makaranta a layi. Na ɗauki na likitar na buɗe, sai na ga ya ƙanƙance a hannuna.

Hajo, ashe in sun ɗinke littafi, a injin suke sa shi su datse gefe uku don baki ya daidaita. Namu kuwa gefensu ya sha hannu, ya yi baƙi, ya nannaɗe, sai mutumin ya shiga ciki sosai, har dab da rubutun ɗab'i. Duk abin da muka rubuta ya tafi. Shafin farko da Yaya take rabon wa zai karanta, ya cire shi ya liƙa takarda fara fat. Abin da ya rage ɗan ɗigon ja ne nan da can a bakin takarda, wutsiyar harafi, rabin layi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida har aka kira la'asar, ban samu jimla ɗaya cikakkiya ba.

Ban san abin da na gaya wa Zuwaira ba, maƙwabta dai sun leƙo. Ta rantse ba ta san haka ake yi ba, ita dai ta ce wa direba ya ce a gyara su su fito tsaf. Ta ce ai nata rubutun ma ya tafi. Na ce ita tana da rai da hannu, ta sake wani. Ta yi kuka, ni ban yi ba, haushi bai bar ni ba. Na ce littafi ko ɗaya ba zai kwana a kabad ɗinta ba, ta saya wa baƙin Alhaji faranti ta jera. Malam Alamin tun ranar yake bin bango, ya gyara soron da na yi shekara ina roƙo, ko sannu ban ce masa ba.

Washegari na hau mota na tafi Kano da kwatancen direba. Mai shagon dattijo ne mai kirki, ya nuna min injin, har yana alfahari da aikin. Na tambaye shi abin da ya yanke. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce shara ce, kullum da yamma ake kwashewa a ƙone.

Sakamakon Sumayya ya fito, ta ci, an ba ta makarantar kwana. Alkawari kuma na cika shi, na ba ta adakar. Ban ɓoye mata komai ba. Ta ɗauki na likitar ta shige ɗaki, kwana biyu ta gama. Jiya ina tankaɗe ta zo ta zauna kusa da ni da littafin a buɗe, ta sa yatsa a kan wani ɗigon ja. Ta ce labarin ya yi daɗi, amma so take in gaya mata, a nan dariya Mamanta ta yi ko faɗa.

Na karɓa na duba. Wurin da likitar take sallama da ƙanenta ne a tashar jirgin ƙasa. Na san Yaya ta cika gefen shafin nan har ƙasa, ina ganin jan a idona. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Wallahi Hajo, na kasa tuna ko kalma ɗaya. Ban taɓa haddacewa ba, don ban taɓa zaton zai tafi ba. Na ce mata bari in tambayi Anti Hajo.

Don Allah ki zauna ki tuna. Duk abin da ya zo miki, na kowane littafi, ko guntu ne, ki rubuto da sunan labarin da wurin. In ba ki tabbata ba ki ce ba ki tabbata ba, kar ki ƙirƙira don ki faranta mata. Ranar sha biyu ga wata mai kamawa za ta tafi makaranta, kuma ta bar yatsanta a shafin nan tana jira.

Ki gaida Baba da maigidan da yara. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Ramla