Wayar da Ka Aiko wa Bilkis

Barunde, Gombe.

Zuwa ga Yayana Sallau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar girma daga nan gida, da fatan wannan takarda ta same ka, kai da iyalinka, cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa albarka a kasuwancinka na can Fatakwal, ya tsare ku a hanya da gida. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai, har ruwa ya cinye bakin layinmu, masu keke sun daina shigowa, a titi suke sauke mu. Inna tana nan Malam Inna, ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita gaishe-gaishe da sandarta. Ɗanka Nabil na wajena ya gama bautar ƙasa ya dawo, yana ta neman aiki, a sa shi a addu'a.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali kullum muna waya. Direban da ke kawo muku wake na ba takardar, domin ina so ka karanta a tsanake kafin ka ba ni amsa. Magana ce a kan 'yarka Bilkis da wayar da ka aiko mata da ƙaramar salla. Tun rasuwar mahaifiyarta da ka damƙa mini ita ban taɓa ganin ta yi murna da kyauta kamar ranar ba. Ta zagaya gidan nan tana nuna wa kowa, tana cewa Babanta ya san karatun kwamfuta ba ya yiwuwa da tsohuwar waya.

Ka san yadda muke da gidan abokinka Lazarus tun kuna yara a Malam Inna, ka kuma san 'yarsa Debby da Bilkis ba a raba su, tare suke tafiya jami'a tare suke dawowa. Abin da ba ka sani ba, ranar da ka kira Lazarus ka yi masa sannu da jikin matarsa Margaret, har ka ba shi shawarar kada su yi wasa da ciwon daji, shi bai taɓa jin maganar ba. Margaret ta ji ƙullutu a mamanta, ta je asibiti da Debby kaɗai, aka ce sai an sake gwaji. Ta ɓoye wa mijinta ne saboda hawan jininsa, tana jiran sakamako ya tabbata ta zaunar da shi ta gaya masa da bakinta. Yana tsaye a wani shago a Arawa kiranka ya shigo. Mai shagon ne ya ga yana neman faɗuwa, ya ba shi benci, ya tsayar masa da keke. Sai da aka kwantar da shi a asibiti, a ce matar da ke fama da kanta ita ce ta koma jinyarsa.

Da yammacin ranar Debby ta zo gidan nan. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. Ta tsaya a tsakar gida tana kuka, ta ce wa Bilkis duk duniya ita kaɗai ta rubuta wa maganar nan, don ta rasa inda za ta sa kanta, ashe sai da ta kai Fatakwal. Bilkis ta rantse ba ta gaya wa kowa ba, ko ni Goggonta. Gaskiya ta faɗa, domin ni ma a bakin Debby na fara ji. Amma wa zai yarda? Debby ta ce ba ta zo jin rantsuwa ba, ta juya ta fita. Yaya, kwanakin da suka biyo baya yarinyar nan ba ta ci abincin kirki ba. Ni kaina na zaunar da ita na ce ta tuna da kyau, ko ta yi suɓul da baka lokacin da kuke waya. Ta dube ni ta ce ashe har ni ma.

Ita da kanta ta gano. Dama ta daɗe tana ƙorafin wayar tana zafi, caji ba ya daɗewa, data kuma tana ƙarewa ba dalili. Ta zauna ta bi cikin wayar lungu-lungu, sai ta tarar da wata manhaja da ba ta da hoto a fuskar waya, an sa mata suna kamar ɗaya daga cikin kayan da waya ke zuwa da su. Ta kira ni ta nuna mini. Ta ce wannan abu yana kwashe duk saƙon da ya shigo ko ya fita, yana ganin hotunanta, yana sanin inda take a kowane lokaci, sannan ya tura wa wani. Na ce to wane azzalumi ne wannan, mu kai maganar gaba. Sai ta matso da wayar kusa da idona. Adireshin imel ɗinka ne a wurin.

Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi mummunar kalma a kanka ba. Ta zauna a bakin gado, ta gaya mini wani abu da ban taɓa sani ba duk zamanmu. Ashe idan abu ya dame ta, takan rubuta wa marigayiya mahaifiyarta saƙo a tsohuwar lambarta, ta gaya mata yadda jarrabawa ta kasance, da wanda ya ɓata mata rai, da ranakun da kewa ta hana ta karatu. Ta ce tana yi ne don ta tabbata babu mai karantawa. Daga nan ta rufe fuskarta da mayafi.

Na san ka, Yaya, na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Kana nesa, kullum kana jin labarin sace mutane a hanya, ga 'ya mace marainiya, ga zamanin da ba a san da wa yaro yake magana ba. Na kuma san tausayi ne ya sa ka kira Lazarus, ka kasa haƙuri ka ji matar abokinka ba lafiya ka yi shiru. Amma ka duba, ba Bilkis kaɗai ka leƙa ba. Duk wanda ya rubuta mata magana ya amince da ita ne, bai san akwai na uku a zaune ba. Da Debby, da ƙawayenta na aji, da ni kaina da nake turo mata abin da ba zan so ƙanena ya gani ba, balle yayana. Ina ta tunani, lokacin da muke 'yan mata Baba yakan tambayi inda za mu, wani lokaci ya hana, mu yi fushi mu huce. Amma a gabanmu yake yi, mun san da tsaronsa. Wannan kuwa an ba ta ne a matsayin kyauta, tana ta godiya.

Na ɗauki Bilkis da wayar muka je gidan Margaret, domin ba zan bar yarinya da laifin da ba nata ba. Debby ta ga abin da idonta, ta rungume Bilkis tana neman gafara. Margaret kuwa ta ce ta san Sallau ba zai nufe su da sharri ba, ta yafe. Sai dai ta ce ta daɗe tana shirya kalmomin da za ta gaya wa mijinta a hankali, ta zaɓi ranar, ta zaɓi har abincin da za ta dafa masa, kuma wannan damar ba za ta dawo ba. Sakamako ya fito, ciwon ne, amma likitoci sun ce an gano shi da wuri, za a yi mata aiki a watan gobe. Lazarus ya warware, shi ke raka ta asibiti yanzu. Yaran sun koma tafiya tare, sai dai na lura Debby ta daina rubuta mata komai, sai in sun haɗu.

Bilkis ta kashe wayar ta sa a ƙasan akwati, ta ƙi ko a goge abin a ci gaba da amfani da ita. Haka take fita jami'a hannu sake, in ta yi latti ba ni da hanyar jin ta sai dai in tsaya a ƙofa. Abin da nake roƙo, ka kira Lazarus da Margaret ka ba su haƙuri da bakinka. Sannan ka kira layina ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zan miƙa wa Bilkis. Kada ka fara da dalilanka, ta san su. Ta ce da ka fito fili ka ce kana so ka riƙa ganin inda take saboda tsaro, da ita za ta kunna maka da hannunta. Ta kuma yi mini wata tambaya: duk watannin nan da kake karantawa, ka ga wani abin kunya a tare da ita? In ba ka gani ba, me ya hana ka daina? Na ce mata wannan sai Babanta.

Ka gaishe mini da matarka Yusra da yara, da fatan ƙaramin ya daina tarin. Inna tana gaishe ka, ban gaya mata komai ba. Nabil da mahaifinsa suna miƙo gaisuwa. Allah ya rufa mana asiri, ya daidaita tsakaninku.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu