Ɗan Kawuna Ya Fasa Mini Baki Don Na Ƙi Sa Masa Hannu a Aji

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni gidan yari. Ina rubuto miki leɓena a kumbure, haƙorina ɗaya na gaba babu, kuma akwai guntun rodi a ƙarƙashin katifata.

Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, ni ne kuma wakilin ajinmu. Dokar makarantarmu ita ce duk wanda bai halarci kashi saba'in da biyar cikin ɗari na darasi ba, ba zai shiga jarrabawarsa ba. Akwai wani malami da ba a yi masa wayo. Yana shigowa sai ya sa a rufe ƙofa, ya ƙirga kawunanmu da bakin biro, sannan ya ƙirga sa hannun da ke kan takardar halarta. In sa hannu ya fi kawuna yawa, wakilin aji ne zai amsa a gaban kwamitin ladabtarwa. Wanda na gada, a kan haka aka dakatar da shi.

Ajinmu ɗaya da ɗan kawuna. Tare muka tashi, kuma Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Darasin malamin nan da safe ne, daidai lokacin da ɗan kawun nawa yake kai Kawu wankin ƙoda. Wannan ban musa ba. Amma da ya ce in dinga sa masa hannu a takardar halarta, sai na ƙi. Na ce masa ya kai wa shugaban sashe takardun asibiti, sai ya ce ciwon ubansa ba abin talla ba ne, kuma mene ne amfanina in ɗan'uwansa na riƙe da takarda amma sai ya je roƙon bare. Na yi masa bayanin ƙirga kawuna har bakina ya gaji, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka hana jarrabawa, har da nasa, ina tsugune a wurin famfo ina wanki da rana tsaka, ya zo da abokansa biyu. Ko sallama babu. Ɗaya ya riƙe mini hannuwa ta baya, shi kuma ya zare bel ya dinga zabga mini ta wajen ƙarfen, yana kirana butulu, wanda ya ci abincin gidansu ya manta. Daga ƙarshe ya kama ƙeyata ya buga bakina a kan famfon. Na ga haƙorina a cikin bokiti, kumfar sabulu ta koma ja. Har yanzu in na yi tari sai na dafe haƙarƙari.

Matar Kawu ta kira ni tana kuka, wai in rufa musu asiri in ce babur ne ya kayar da ni, don in Kawu ya ji zai iya mutuwa. Ko sannu ba ta ce mini ba, Anti! Tun ranar ban leƙa aji ba, kunyar bakina nake ji, ga takaici. Jiya mataimakiyata a wakilcin aji ta aiko mini cewa saura ƙiris ni ma a hana ni jarrabawa a wasu darussan. Abokaina sun ce in ba su dama su tare shi a hanyar asibiti. Ni kuwa hannun da ya dake ni da shi kawai nake so in ji ya karye. Me zan yi?

Mai Giɓi

Ɗana Mai Giɓi, sannu. Tunda ba a ce maka a gida ba, ni na ce, kuma ba ka yi laifi ba da ka ƙi sa hannun ƙarya.

Rodin nan ka fitar da shi yau, kuma ka ja wa abokanka kunne. In ka karya masa hannu, ranar za ka tashi daga wanda aka zalunta ka koma wanda za a kora. Ka kuma tuna wanda yake zaune a gefensa a hanyar asibitin. Kana so Kawu ya ga haka da idonsa?

Ɗan'uwanka yana ɗauke da kaya mai nauyi, jinyar uba ba wasa ba ce. Amma uzurinsa na rashin zuwa aji ne, ba na fasa maka baki ba. Girman kai ne ya hana shi bin hanyar da ka nuna masa.

Ka je asibitin makaranta a duba haƙarƙarin, ka karɓi takardar likita, ka kai wa shugaban sashe don a ɗauke maka fashin da ka yi. In an tambaye ka abin da ya faru, kada ka ce babur. Wanda ya zo da mutum biyu tsakar rana zai iya dawowa, don haka jami'an tsaron makaranta su sani. A wurin shugaban sashen kuma ka faɗi maganar wankin ƙodar, ko za a ba shi damar jingine zangon ya maimaita. Wannan ne taimakon da za ka iya yi masa da gaskiyarka. A gida, ka samu babba guda da Kawu yake jin maganarsa, shi ya san yadda zai faɗa masa a hankali.

Gobe da safe ka wanke fuska ka tafi aji da giɓinka. Za a kalle ka, a gaji, a daina. Kawu bai riƙe ku don ku biyun ku rasa jarrabawa a shekara ɗaya ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya tashi kafaɗun Kawu.