Gefen Ƙofar da Aka Bar wa Hannunka

Dumega, 18 ga Mayu, 1963

Zuwa ga yayana Bello, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Binta da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Hatsin bara ya kai mu, ƙanwarmu Fati kuma ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan baba. Mushe Sallau, malamin lakwal, makarantar bokon nan, ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana, don ka ji ni yadda ka san ni.

Gidan da ka ce a gina wa Iya a bakin tabki ya tashi, Yaya. Zanen da ka aiko, wanda ka tsoma ƙafar gida cikin ruwa, Rabo magini ya juya shi sama da ƙasa, ya ce lalle ka daɗe a birni. Ya kai mu gindin gawon nan, ya nuna mana zoben da ruwan damina ya bari a jikinsa, ya ƙara taku arba'in zuwa tudu, can ya kafa tushe. Siminti da kwano kuwa ya ce a bar wa kumandan, babban jami'in gwamnati. Jar ƙasa aka haƙo, aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa kafin a yi tubali. Azarar ta giginya ce, raƙuma suka kawo daga kudu. In ka ɗaga kai a soron tsakiya, sai ka ga kamar an kifa maka babbar ƙwarya. Mu mata muka yi daɓe da tsakuwa da ruwan makuba, kwana uku muna bugu muna waƙa, har ya yi sheƙi. Da rana tsaka in ka shiga, sanyi ke tarbarka da ƙamshin ƙasa. Wani lokaci nakan zauna ciki ni kaɗai, sai in ji kamar an shekara ashirin ana zaune a nan, jikokinka na tsere a tsakar gida, shanun Fulani na gangarowa shan ruwa, kai kana kan tabarma da furfura kana faɗan banza yadda ka saba.

Rabo bai saba da babbar taga ba, amma Iya ta kafe sai an yi mata, ƙasa-ƙasa, yadda za ta ga ruwa daga zaune. Ran Lahadi da hantsi muka kai ta. Ta zauna, ta daɗe tana duban waje, sannan ta yi murmushi ta ce tabki ya cika maƙil, ga bado ya buɗe fari fat, ga balbela jere a gefe. Yaya, tabkin ya ƙafe tun wata biyu. Laka ce a tsage, awaki na yawo a kai. Rabo ya sunkuyar da kai. Tun kaka nake ganin tana laluben butarta, na ɓoye maka, ina cewa zai wuce. Ranar nan zuciyata ta karye, kuma na ji kunyar ɓoyon da na yi.

Ashe ita ta sani. Da za mu fita ta shafa bango, ta ce wa Rabo ya bar mata wuri kamar faifai a hannun dama na ƙofa, kada ya yaɓe, kai za ka zo ka yaɓe da hannunka, shatin yatsunka ya zauna a jiki. Ta ce fuskarka ko ka zo ba lalle ta gane ba, shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, amma yatsunka ta san su. Rabo ya ce bangon gabas ne, nan ruwa ke duka, in ruwan fari ya iske shi tsirara zai ci tubalin. Zai jira har gawo ya fara zubar da ganye, alamar damina ta ƙarato, daga nan zai yaɓe da kansa, kowa ya yi haƙuri. Kullum da safe Iya na sa in kai ta, ta ɗora tafinta a wurin, ta ɗan tsaya, mu komo.

Don Allah ka bar wa yaronka Usman rumfar goron, ka hau mota. Laka na nan a kwaɓe, mun rufe ta da tabarma.

Ka gaishe mini da Binta, da Asiya, da Abdu mai ƙiriniya. Kawu Mani da Ladidi suna gaishe ka. Iya ta ce in ce maka tana nan lafiya, tana kallon ruwa. Yau da safe na share ganye a gindin gawon kafin Rabo ya iso, ban san kwana nawa tsintsiyata za ta iya ba.

Ni ce ƙanwarka,
Ajuma