Taubashiyata ta tona ni a gidan biki, yanzu ciwon ya zo kanta

Salamu alaikum matan wannan gurup. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, zuciyata tafasa take yi.

Ni malama ce a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Tahoua. Tun haihuwata ta huɗu na kasa riƙe fitsari, in na yi tari ko dariya sai ya zubo, barci kuwa sai dai in ji labarinsa a bakin wasu, da na rufe ido mara ta tashe ni, in na yi nauyin tashi in jiƙa zane. Daga la'asar nake daina shan ruwa, duk da zafin garin nan. Da rana ina gyangyaɗi a gaban allo, har direkta ya kira ni ya ja min kunne. Sajfam, wato ungozomar asibiti, ta ce naman da ke riƙe da mara ne ya saki, ta koya min yadda zan riƙa matsewa ina saki, sauƙin yana zuwa amma a hankali.

Ban faɗa wa kowa ba sai taubashiyata, ɗiyar kawuna, bari in kira ta Rabi. Tare muka tashi, kwano ɗaya muka ci.

Bara aka yi bikin aure a Kalfu, kun san mata kwana ake yi, ɗaki guda tabarmi a jere. Na roƙe ta a asirce ta kama min wajen bakin ƙofa don in riƙa fita ban taka kowa ba. Ana tsakiyar cin tuwo, gida cike da mata har da dangin mijina, sai ta ɗaga murya:

"Ku aje ma malama tabarma tata bakin ƙohwa, kar mu tashi da sahe cikin tabki."

Aka kwashe da dariya, ta ƙara da bayani dalla-dalla ga waɗanda ba su gane ba. Na kai kuka wajen iyaye, aka ce wasan taubasai ne ba a fushi da shi, ƙarshe ni aka ba rashin gaskiya. Har yau ba ta ce min yi haƙuri ba. Maganar ta biyo ni Tahoua, babbar ɗiyata ana kiranta ɗiyar mai tabki a lakwal, yarinya mai surutu ta koma zama ita kaɗai a aji lokacin hutu. Wannan ne abin da ba zan iya haɗiyewa ba.

To yanzu Rabi ta haihu. Ashe tun da cikin ya tsufa ita ma abin ya same ta, haihuwar ta ƙara shi. Na je barka don idon dangi, da ɗaki ya yi sarari ta kama hannuna, idonta ya faɗa kamar nawa, ta ce:

"Koya min abin da sajfam ta koya miki. Ko kwana ba ni iyawa, ke ɗai kinka san ciwon ga."

Na ce mata to, amma wallahi daɗi na ji.

Asabar ne suna, matan da suka yi min dariya duk za su zo, kuma ranar taubasai ce, duk abin da na faɗa ba mai ikon cewa na yi laifi, su suka kafa dokar. Na shirya maganata tsaf, na san inda zan tsaya. Abu ɗaya ke riƙe min harshe, ita ma tana da ɗiya mace a lakwal ɗinmu, a ajina ma take.

Ku faɗa min gaskiya, in rama ko in bari? In kuka ce in bari, ku gaya min abin da zan faɗa wa ɗiyata, don jiya ta tambaye ni ko ita ma haka za ta zama in ta girma.